Dikodar Baba Ba Ta Lalace Ba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, muka raba jinyarsa ni da ƙanena Auta. Safiya da yamma nawa ne, rana tasa. Ni ina aiki a kamfanin ɗinkin kayan ma'aikata, a kan keken da yake fasa ramin maɓalli, kuma ina da miji da yara a wata unguwa. Auta a gidan Baba yake kwana. Ba shi da mata, ba shi da aikin da za a ce ya makara. Mamanmu ta rasu tun kafin ciwon, don haka rabon ya zo daidai a bakin kowa.

Da safe nakan fara biyawa ta gidan kafin in wuce aiki. In yi wa Baba wanka a zaune, in canza zanin gado, in jiƙa masa burodi a shayi in ba shi a baki, in haɗa masa magani. Daga nan in tayar da shi a jikin matashi, fuskarsa tana kallon talabijin, in kunna masa tashar labarai. A lokacin Auta yana barci a ɗakin ƙofar gida. Sai in ƙwanƙwasa masa in ce na tafi, ya amsa daga cikin bargo.

Baba direban doguwar mota ne a da, ya saba da hayaniyar fasinja a bayansa tun daga fitowar rana har faɗuwarta. Shiru ne babban abokin gabarsa. Hannunsa na dama ya mutu, na hagu rawa yake har cokali ba ya tsaya masa, ga yanar ido ta rufe masa gani. Saboda haka ba kallon talabijin yake ba, saurare yake. Yana kuma gardama da ita. In mai karanta labarai ya faɗi abin da bai gamshe shi ba, sai ka ji Baba ya ce, "Ƙarya kake, yaro," da bakinsa da ya karkace.

Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, tsohuwar dikodarmu ta ƙone. Na sayo sabuwa a hanyar dawowa daga aiki, 'yar ƙarama, ba ta fi sandar sabulu ba. Auta ya juya ta a hannu ya yi dariya.

"Yaya, wannan dikoda ce ko akwatin ashana?"

"Haɗa dai, malam. Da ka sayo babba da mun gani."

Ya haɗa, ta kama, hoto ya fito tas. Baba ya ce muryar ma ta fi ta tsohuwar fita.

Ba a yi mako ba ya canza magana. Na shigo da yamma na tarar ya sha mur, Auta yana zaune a hannun kujera yana latsa waya, talabijin tana ta aikinta.

"Abin da kika sayo nan ba shi da kyau," Baba ya ce, ko sannu da zuwa babu. "Ana cikin magana sai ta ɗauke. Na kwanta nan kamar an rufe ni a rami."

Na dubi Auta. Bai ɗago kai ba ya ce, "Haka take yi. Sai na yi ta fama da ita kafin ta dawo."

"Ko wuta ce?"

"Fanka tana juyawa," in ji Baba. "Ni makaho ne, ba kurma ba. Kin je kin kwaso mana tarkace don kada ki wahala zuwa babban kanti."

Na duba soket, na matse wayoyin da ke bayan talabijin, na canza wa rimot batir. Washegari ƙorafin ya dawo, jibi ma haka. Kullum da rana take mutuwa, ba ta taɓa yi a gabana ba. Ranar hutuna na yini a gidan tun safe har dare, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Da na faɗa, Baba ya ce to ƙarya yake yi ke nan, na ce ban ce ba.

Akwai wani mai gyara a kusa da wurin aikinmu, shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene, talabijin matattu jere har rufi. Na kai masa dikodar da safe, ya ce in dawo da yamma. Ranar Baba ya yini babu abin saurare, na sha faɗa har na gode Allah. Mai gyara ya ce ya gwada ta, lafiyarta ƙalau, wataƙila wayar da ke ba ta wuta ce. Na sayi sabuwar waya. Kwana biyu, magana ta dawo inda take.

Da na koma karo na biyu ban yi masa da daɗi ba. Na ce ya karɓi aiki bai yi ba. Mutumin bai yi fushi ba, ya janyo min wani benci ya share da hannun rigarsa.

"Zauna, Hajiya. Da wane lokaci take mutuwa?"

"Da rana. Bayan azahar, in ji su."

"Da safe wa yake kunnawa?"

"Ni."

"To ina jin ba mutuwa take ba, barci take."

Ya haɗa ta da wata talabijin, ya shiga cikin saitinta yana nuna min. Ya ce sababbin dikodojin haka ake yin su, don rage shan wuta. In an kunna aka bar ta awa uku ko huɗu babu wanda ya taɓa rimot, sai ta ɗauka babu kowa a ɗakin. Za ta fitar da rubutu a ƙasan allo tana tambaya ko ana kallo, in ba a danna komai ba ta kashe kanta, ta bar 'yar jar fitila.

"Masu fita su bar talabijin tana yi wa kujeru magana aka yi wa," ya ce. "Abin yana da amfani, wuta ba ta tafiya a banza. Kuma kowane maɓalli aka taɓa, ko na ƙara murya ne, sai ta koma ƙirga daga farko."

"In ta yi barcin, da wahalar tayarwa?"

"Ina fa. Jan maɓallin nan, sau ɗaya."

Na zuba wa rimot ɗin da ke hannunsa ido. Na san Baba. In kana zaune kusa da shi ba ka hutawa: ƙara murya, rage, mayar da ni waccan tashar, wannan matar ta cika surutu. Babu yadda za a yi mutum ya zauna da shi rabin awa bai taɓa rimot ba.

"Tsoho ne a gida?" mai gyara ya tambaya.

"Mahaifina."

"Shi kaɗai yake yini?"

"Da ƙanena."

Ya sunkuyar da kai yana naɗe waya. Can ya ce, "Bari in kashe miki tsarin, ta riƙa yini a kunne."

"A'a, bar shi tukuna. Nuna min dai inda ake kashewa."

Ya nuna min sau biyu, ya sa na yi da hannuna, sannan ya mayar da shi yadda yake.

Washegari na yi aikin safe kamar kullum, na kunna, na ƙwanƙwasa wa Auta, na tafi. A kan keke hannuna yana aiki, hankalina yana gida, har na fasa rami a inda babu maɓalli a gaban riguna biyu. Da aka tashi cin abinci na sami shugabar layinmu na ce mata jikin mahaifina ne. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce in je, amma in san cewa keken ba ya jiran kowa.

Na tarar da kwaɗo a ƙofar gida, an kulle ta waje. Ina da makullina, na buɗe a hankali. Babur ɗin Auta ba ya tsakar gida. Babu motsin komai sai ƙarar fanka.

Na tsaya a bakin ɗakin Baba. Allon talabijin baƙi, 'yar jar fitilar tana ci. Baba ya zame daga matashin, kansa ya langaɓe gefe, hannunsa na hagu yana lalube a kan zani. Rimot ɗin yana ƙasa, can kusa da ƙafar gado. Kofin ruwan da na ajiye masa ya kife. Warin fitsari ya cika ɗakin. Farantin abincin rana yana kan kujera a rufe, inda na bar shi da safe.

Ya ji motsin labule. Fuskarsa ta washe.

"Auta? Ka dawo da wuri yau."

"Ni ce, Baba."

Sai fuskar ta koma. Ya yi ƙoƙarin gyara kwanciya ya kasa.

"Me ya dawo da ke yanzu?"

"Ina Auta?"

"Yanzu ya fita. Na aike shi ya sayo min man zafi."

"Ya kulle ka ta waje don zai je sayen man zafi?"

"Ni na ce ya kulle."

Na ɗora ruwa, na cire masa kaya, na wanke shi. Zanin ya jiƙe ya fara bushewa a gefe-gefe, wanda ya nuna ba yanzu abin ya faru ba. A kwankwasonsa na ga wani jan tabo da na daɗe ina zargin katifa a kansa. Na ɗumama abincin na ba shi, ya ci kamar wanda ya yi kwana biyu bai ci ba, yana cin yana kawar da kai daga gare ni. Sai a lokacin na gane dalilin da zanin da nake shimfiɗawa da safe ba shi nake tararwa da yamma ba. Auta yakan ce ya canza ne don tsafta, ni kuma in yaba masa.

Na ɗauki rimot na danna jan maɓalli. Murya ta cika ɗakin nan take.

"Baba, dikodar nan ba ta lalace ba. In aka daɗe ba a taɓa ta ba ne take kashe kanta. Sau biyu ina ɗaukar ta zuwa wurin gyara. Ka san babu kowa a gidan, ka bar ni ina yawo da ita a jaka."

"Ni na san abin da ke cikin ƙarfe? Ta mutu, na ce ta mutu."

"Amma ka san Auta ba ya nan."

Ya karkata kunne ga talabijin, yana sauraren wani mutum da ke bayanin farashin taki.

Auta ya shigo dab da lokacin da na saba dawowa, yana fito, da leda a hannu. Da ya ga ƙofa a buɗe da takalmina a bakin ɗaki, fiton ya tsaya. Ya leƙo yana murmushi.

"A'a, Yaya, yau an kore ku da wuri ne?"

"Ina man zafin?"

Ya dubi Baba, Baba kuma ba ya ganin kallo. Auta ya ce, "Wane man zafi?"

"Tun yaushe kake fita ka kulle shi?"

Ya ajiye ledar, lemo ne a ciki. Ya fara da cewa yau ne kawai, na ce masa dikodar ta fi mako uku tana barci, kuma na faɗa masa abin da ke sa ta barcin. Sai kuma ya taso min da faɗa. Ya ce yana tare da wasu abokansa masu dillancin tsofaffin motoci, in bai tsaya a wurin ba ciniki ya wuce shi. Ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana riƙe da fo ba, sa'o'insa duk sun yi aure. Ya ce ni ina zuwa in yi awa ɗaya in tafi gidan mijina, shi ne yake kwana da tari da kiran dare.

"Da ka faɗa min," na ce. "Da mun nemi wata hanya. Mutum ba ya iya juya kansa, ka kulle shi kamar akuya. In gobara ta tashi fa? In ya shaƙe?"

"Ke," Baba ya ce daga gado. "Ya isa."

"Baba, a cikin fitsari na same ka."

"Na ce ya isa. Namiji ne, nema yake fita. So kike ya zauna yana gadina har ya tsufa?"

"Ni kuma fa? Wasa nake fita?"

"Ke ai kina da miji."

Na tsaya riƙe da zanin da zan wanke. Shekara da shekaru ina jin irin wannan maganar a gidan nan, tun muna yara in Auta ya fasa abu ni ake tambaya ina nake, amma ban taɓa jin ta ina riƙe da zanin fitsari ba.

"Kuma wa ya aike ki bincike?" Baba ya ƙara. "Abu aka ce ki gyara, kin tsaya kina tona wa ɗan'uwanki asiri. Gyara min ita in za ki gyara."

Auta ya ga iska ta juya gefensa, ya sassauta murya. "Yaya, tunda kin san inda matsalar take, ai sai ki cire mata barcin kawai. Shi ke nan kowa ya huta."

Na so in ƙi. Na so in bar ta haka, ta riƙa mutuwa kullum, don kada a manta abin da ake yi a gidan. Amma ba Auta ne zai kwanta cikin shirun ba. Na shiga saitin kamar yadda mai gyara ya nuna min, na kashe tsarin. Auta yana tsaye a bayana yana kallo, har da cewa ashe abu mai sauƙi. Sannan ya zauna a bakin gado ya fara ɓare wa Baba lemo.

A gida na faɗa wa mijina komai. Ya ce mu dawo da Baba wurinmu, yara su matsa su ba shi ɗakinsu. Na kai wa Baba maganar da safe, ya ce shi ba zai mutu a gidan suruki ba, kuma in ya tafi wa zai zauna da Auta. Na kawo shawarar a ɗauko mai jinya, ya ce bare ba zai ga tsiraicinsa ba yana da 'ya'ya a raye. Auta ya rantse min zai riƙa zama. Ya zauna kwana biyu. A rana ta uku na kira wayarsa da rana, na ji ƙarar motoci a bayansa, ya ce talabijin ce.

Yanzu dikodar tana yini a kunne, babu ƙorafi, Baba ya daina cewa na sayo tarkace. Jan tabon nan na kwankwasonsa kuwa ya buɗe ya zama gyambo. Ma'aikaciyar asibitin da ta zo wanke shi ta tambaye ni sau nawa ake juya shi a rana. Na ce ban sani ba. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa 'yar da ba ta san darajar uba ba, na bar ta da kallonta.

A ƙarshen watan na sami shugabar layinmu na ce zan bar keken. Ta ce ta san za a zo nan. Ta yi min alfarma ɗaya, ta sa ni cikin masu karɓar aiki su yi a gida, kalmasa da ɗinke aljihu, aikin da ake ba sababbin shiga. Kafin in gama kwashe kayana daga durowa an riga an zaunar da wata yarinya a kujerata, ana nuna mata yadda ake saita ramin maɓalli. Shekarun da na yi a kan keken nan, ni kaɗai na san inda ake ɗan danna shi da gwiwa in ya fara tsallake zare. Ban faɗa mata ba.

Mijina ya ɗauko min tsohon kekena na gida a bayan motar wani abokinsa, muka ajiye shi a ɗakin Baba, kusa da taga inda haske yake. Ina zuwa da safe in yini. Ina juya Baba, ina ba shi ruwa, ina wanke gyambon, a tsakani ina taka keke. Auta ya daina ɓoye fitarsa. Yanzu wanka yake yi a gabana, ya fesa turare, ya leƙo ya ce, "Yaya, a yi mana addu'a," ya tayar da babur. Da yamma ya dawo da lemo ko ayaba, ya zauna ya ba Baba labarin motar da ta kusa sayuwa. Baba ya yi ta dariya, yana koya masa yadda ake gane injin da aka taɓa buɗewa daga ƙararsa.

Gyambon ya fara haɗewa. Ranar da ma'aikaciyar asibiti ta ce an kusa rabuwa da shi, ina da tarin riguna da za a zo karɓa washegari, aljihunsu duk ba a ɗinke ba. Na raka ta ƙofa na dawo na zauna a kan keke. Ban kai ƙarshen aljihu na biyu ba Baba ya yi gyaran murya.

"Ke, ba za ki iya fitar da abin nan waje ba? Tun da kika kawo shi ba na jin labarai."

Na ɗaga ƙafata daga keken. Tsakar gida rana ce ƙwal, babu inuwa sai ta igiyar shanya. Na ɗauki rimot na ƙara masa murya har tagar tana amsawa, na koma na ci gaba da ɗinki.